Cutar Alkama a Ƙasar Gero

Duk wanda ya san Gobir, tun daga Sabon Birni har zuwa Isa, ya san gero da dawa su ne ginshiƙin abincin jama'a. Alkama kuwa, ko da yake an daɗe ana nomanta da rani a fadamu, abincin sarakuna ce da attajirai, talaka bai ganinta sai da salla ko biki, an yi alkaki ko funkaso. Yau al'amari ya sake, domin babu tashar da ba za ka iske mai shayi da tulin burodi ba, taliyar leda kuma ta shiga har gidajen ƙauye. Don haka ya wajaba mu san wata cuta da likitoci ke kira siliyak.

A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari, gulutin, wanda shi ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Galibin bayin Allah na cinsa lafiya lau, amma kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya, waɗanda suka gaji wata ɗabi'a a jininsu, da zarar ya isa cikinsu sai garkuwar jiki, wadda Allah Ya halitta don yaƙar ƙwayoyin cuta, ta afka wa bangon ƙaramin hanji, har 'yan tsirarrakin da ke tsotse amfanin abinci su shafe kamar fatar da aka jeme. Daga nan komai mutum ya ci wucewa yake yi: ga gudawa mai maiƙo da ta ƙi yankewa, ga kumburin ciki da ƙarancin jini, yaro ya rame ya tsumbure alhali ba a rage shi da abinci ba.

Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da illar alkama a 1950, bayan ya lura yaran da ke fama da cutar sun murmure a lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsu daga 1944 zuwa 1945, da burodi ya ɓace, suka kuma koma ciwo da ya dawo. Amma abin da ya fi kusa da halinmu shi ne labarin Sahrawi, 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin Tinduf a Aljeriya, waɗanda garin alkama ya zama cimarsu ta kullum: binciken da aka buga a 1999 ya sami cutar a jikin fiye da yara 5 cikin 100. Mu da rashin tsaro ya raba dubbanmu da gonakinsu, wasu har suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, wannan abin lura ne ƙwarai.

Haƙiƙa mafi yawan tamowa da gudawa a ƙasarmu daga yunwa suke da gurɓataccen ruwa da tsutsar ciki, kuma su ya kamata a fara nema. Sai dai yaron da aka yi wa maganin waɗannan duka bai tashi ba, musamman in ciwon ya soma bayan an fara ba shi burodi ko biskit, ya cancanci a gwada jininsa, sannan a zura siririn bututu ta baki a ɗebo ɗan tsokar hanji a duba, aikin da sai manyan asibitoci, irin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sharaɗi guda: kada a janye alkama kafin gwajin, domin janyewar na ɓoye alamar.

Maganin siliyak ba allura ba ne, ba kuma sassaƙe ba. Ƙaurace wa alkama da sha'ir ne har ƙarshen rayuwa, kuma a nan Allah Ya yi mana sauƙi, tunda tuwon dawa, fura, kunun gero, shinkafa, masara, rogo da wake duk ba su da gulutin. Wahalar tana ga abin da ke ɓoye: ɗanwaken da aka haɗa da fulawa, wainar da aka barbaɗa wa fulawa kaɗan don ta tashi, man da aka soya fanke a ciki, da injin niƙan da ya gama da alkamar wani aka zuba geronka. Idan an tabbatar da cutar ga mutum, a gwada iyayensa da 'yan'uwansa na ciki ɗaya, domin kusan 1 cikin 10 daga cikinsu na ɗauke da ita, wani ma ba tare da ya taɓa yin gudawa ba.