Patrick Troughton: Daktan da Landan ta Shafe, Jos ta Ajiye

A watan Oktoba na shekarar 2013 gidan talabijin na BBC ya yi wa jama'ar Ingila wani albishir. Ya ce an gano kashi tara na wani tsohon wasan kwaikwayo da aka fid da rai da su shekaru aru-aru, kuma inda aka same su shi ne kan wata kanta a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a birnin Jos. Mu da muke zaune nesa da ƙasar Hausa mun san Jos da kuza da sanyi da dankalin Turawa, kuma da wuya a rasa mai ɗan'uwa ko suruki a can. Amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa garin ya yi wa Turawa ajiyar abin da su da kansu suka zubar. Wasan dai sunansa Doctor Who, kuma dukkan kashi taran nan na zamanin mutum guda ne, wato Patrick Troughton. Labarin wannan bawan Allah muke so mu kawo wa masu karatu a wannan wata.

Wane ne Dakta?

An fara nuna Doctor Who ranar 23 ga Nuwamba, 1963, kwana ɗaya bayan kashe Shugaba Kennedy na Amurka. Ƙagaggen labari ne na kimiyya a kan wani baƙo daga wata duniya, wanda ba a san sunansa ba sai dai a ce masa Dakta. Yana da jirgi mai suna TARDIS, wanda daga waje kamar akwatin wayar 'yan sanda yake, mai launin shuɗi, amma cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. Da wannan jirgi yakan je kowace duniya, ya koma zamanin da ya wuce ko ya leƙa wanda bai zo ba. A wancan lokaci ana nuna shi kowace Asabar da yamma, kashi ɗaya na kimanin minti 25, cikin hoto baƙi da fari.

Wani abin da zai yi wa 'yan'uwanmu malamai daɗi shi ne, tun asali an shirya wasan ne don yara su ƙaru. Biyu daga cikin abokan tafiyar Dakta na farko malaman makaranta ne, ɗaya na kimiyya, ɗaya ta tarihi. Wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta kuwa shi ne William Hartnell, ya fito da siffar dattijo mai furfura, mai faɗa, wanda yara suka ɗauka kamar kakansu.

Gadon da ba a taɓa yi ba

Zuwa 1966 rashin lafiya ya ci ƙarfin Hartnell, har yakan manta kalmomin da zai faɗa. Mai shirya wasan a lokacin, Innes Lloyd, da abokan aikinsa suka ga hanya biyu ce a gabansu: ko a rufe wasan, ko a sami wani. Dabarar da suka ɓullo da ita ba a saba ganin irinta ba. Suka ce tunda Dakta ba ɗan Adam ba ne, in jikinsa ya tsufa yana iya sabunta shi. A ƙarshen labarin The Tenth Planet, ranar 29 ga Oktoba, 1966, dattijon ya faɗi a cikin jirginsa, haske ya lulluɓe fuskarsa, da hasken ya yaye sai ga fuskar wani mutum dabam.

Wannan mutum shi ne Troughton, yana da shekara 46. An haife shi a Landan a 1920, ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma shi ne ya fara fitowa a matsayin Robin Hood a talabijin a 1953. Ƙwararre ne, amma kayan da aka ɗora masa ba ƙanana ba ne. Duk malamin da aka taɓa ba shi ajin da wani ƙaunataccen malami ya bari ya san wannan hali. Kana shiga, idanu arba'in suna auna ka da wanda ya tafi. In ka kwaikwaye shi su yi maka dariya, in ka saɓa masa su ce ai Malam wane ba haka yake yi ba.

Troughton ya san kayan aro ba ya rufe katara, don haka bai kwaikwayi Hartnell ko kaɗan ba. Marubutan kuma suka yi hikima, suka sa shakkun masu kallo a bakin abokan tafiyar Dakta. A labarinsa na farko, The Power of the Daleks, wanda aka fara ranar 5 ga Nuwamba, 1966, saurayin nan Ben ya ƙi yarda cewa wannan ne Daktansu, ita kuwa Polly ta yarda. Zoben tsohon Dakta ma ya yi wa sabon yawa, ya suɓule daga yatsansa. Wanda ya raba gardamar shi ne abokin gaba, domin wani Dalek, irin mugayen halittun nan da ke cikin sulken ƙarfe mai kama da ƙaramin rumbu, yana ganinsa ya shaida shi.

Raina kama ka ga gayya

Sydney Newman, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, shi ya ba da shawarar a mai da sabon Dakta kamar wani gararre mai yawon sararin samaniya, irin su Charlie Chaplin. Sai ga shi da baƙar kwat da ta yi masa yawa, wando buhu-buhu, gashi ya rufe goshi, ga 'yar sarewa da yake busawa in yana tunani. In abin tsoro ya taso yakan ruga a guje, yana kiran abokansa su bi shi.

A nan gwanintar mutumin take. Duk wautar nan lulluɓi ce. Azzalumi zai dube shi ya ga wani gajeren wawa mai surutu, ya saki jiki, ya yi ta alfahari har ya tona asirin kansa, shi kuwa Dakta yana gefe yana lissafi. Mu da muka taso da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi mun san irin wannan wayo na mai ƙaramin ƙarfi, sai dai Gizo cikinsa yake yi wa, shi kuwa wannan don ceton wasu yake yi. Troughton yana iya sauya fuskarsa daga raha zuwa tsanani cikin ƙiftawar ido, kuma wannan ne ya sa yara suka ji tsoro tare da shi, suka kuma amince zai fid da su.

Babban abokin tafiyarsa shi ne Jamie, wanda Frazer Hines ya fito a matsayinsa, wani saurayi ɗan ƙasar Sikotilan da Dakta ya ɗauko daga shekarar 1746, bayan yaƙin Culloden. Bai san jirgin ƙasa ba balle kwamfuta, amma jarumi ne mai amana. Daga baya aka sami Victoria, sannan Zoe, yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa wadda a wajen lissafi takan ba Dakta kansa kunya.

Zamanin dodanni

Dole mu faɗi wani abu da bai yi mana daɗi ba a matsayinmu na malamai. A zamanin Troughton ne aka jingine labaran tarihi zalla. Wanda aka ɗauko Jamie a cikinsa, The Highlanders, shi ne na ƙarshe, ba a sake irinsa ba sai 1982. Masu shiri sun lura yara sun fi son dodanni, sai suka bi son yara. Aka cika wasan da Cybermen, mutanen da suka yi ta musanya gaɓoɓinsu da ƙarfe har tausayi ya fita daga zukatansu, da mayaƙan ƙanƙara na duniyar Mas, da Yeti, wasu butum-butumi masu gashi buzu-buzu. Yawancin labaran ƙirarsu ɗaya: mutane ƙalilan a killace a wani wuri, dodo yana ƙoƙarin shigowa, shugabansu kuma mai taurin kai ba ya jin shawara.

Duk da haka a wannan zamani aka dasa abubuwa da yawa da wasan ya ci gaba da cin moriyarsu. A The Web of Fear na 1968, inda Yeti suka mamaye hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, aka fara ganin Kanar Lethbridge-Stewart, sojan da ya zama aminin Dakta na shekaru masu yawa. A wannan shekarar kuma Dakta ya fara fito da 'yar sukuddirebarsa mai aiki da sauti, wadda ta zama alamarsa.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Ana yin kashi arba'in ko fiye a shekara, kusan kowane mako sabo. Cikin shekara uku Troughton ya yi kashi 119 a labarai 21, ya gaji, ya kuma ji tsoron kada a manta cewa ya iya wani abu ban da Dakta. Sai ya nemi sallama.

Shari'ar Dakta

Labarinsa na ƙarshe, The War Games, kashi goma ne, ya ƙare ranar 21 ga Yuni, 1969. Wasu baƙin halittu sun sato sojoji daga yaƙe-yaƙe dabam-dabam na duniyarmu, tun daga na Rumawa har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka juya musu hankali, suka bar su suna ta kashe juna don a tace mafiya ƙarfi. Dakta ya karya makircin, amma ya ga ba shi da ikon mai da dubban mutane gidajensu. Mutanensa kaɗai za su iya, su kuwa gudu ya yi daga gare su da jirgin sata. Ya san in ya kira su za su kama shi, amma ya kira.

A nan aka fara jin sunan mutanen nasa, Time Lords, wato sarakunan lokaci. Suka gurfanar da shi bisa laifin tsoma baki cikin al'amuran wasu duniyoyi. Ya amsa laifinsa, ya kuma ce su da suke da ƙarfi suna kallon zalunci ba su ɗaga ko yatsa ba. Hukuncinsu shi ne a tsare shi a duniyarmu, a kuma sauya masa fuska. Jamie da Zoe aka mai da su zamaninsu, aka shafe musu tunanin duk tafiye-tafiyen da suka yi da shi, ban da haɗuwarsu ta farko. A 1970 Jon Pertwee ya karɓa, wasan kuma ya koma mai launi.

Yadda aka shafe, yadda aka samu

Abin da aka yi wa Jamie da Zoe a wasa, shi aka yi wa aikin Troughton a zahiri. A wancan lokaci tef ɗin ɗaukar hoto yana da tsada, yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, ga talabijin mai launi ya shigo. Don haka BBC ta riƙa shafe tsofaffin tef tana ɗaukar sabon shiri a kansu, ba ta daina ba sai 1978. Abin da ya yi saura shi ne kwafin fim da ake sayar wa ƙasashen waje, irin su Nijeriya da Zambiya da Ostareliya. In wata tasha ta gama nunawa sai ta tura wa ta gaba, ta ƙarshe kuma ta mayar ko ta lalata. Wasu ba su yi ko ɗaya ba, kuma wannan ya zama alheri.

Ta haka aka sami The Tomb of the Cybermen a Hon Kon a 1991. Ta haka kuma wani Bature mai bin sawun tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya kai ga kantar nan ta Jos. Ya sami kashi biyar da suka cike labarin The Enemy of the World, da huɗu na The Web of Fear. Kafin nan kashi 106 ne suka ɓace daga cikin 253 na shekarun 1960. Bayan Jos suka koma 97, kuma 53 daga cikinsu na Troughton ne. Muryoyin dukkansu kuwa suna nan, albarkacin wasu masu kallo, har da yara, da suka riƙa ɗauka da rakoda a gidajensu. Da waɗannan muryoyi aka sake gina wasu labaran da zanen katun, kamar The Power of the Daleks a 2016.

Ajiyar Jos ta gyara wa Troughton suna. A The Enemy of the World mutum biyu ya fito, Dakta da kuma wani ɗan siyasa mai kama da shi, Salamander, wanda duniya take yaba wa don ya wadata ta da abinci, alhali a ɓoye shi ke haddasa girgizar ƙasa da aman wuta don ya mallake ta. Shekara da shekaru kashi na uku kaɗai ake da shi, masu sharhi kuma suna cewa labarin lami ne. Da aka gan shi cikakke sai baki ya sauya, har ya shiga sahun waɗanda ake yabo.

Shi dai Troughton bai ga wannan rana ba. Ya dawo wasan sau uku a matsayin baƙo, na ƙarshe a 1985, ya rasu a Amurka ranar 28 ga Maris, 1987, yana halartar taron masoya irin waɗannan wasanni. Amma da masu kallo sun ƙi shi a 1966, da wasan ya mutu yana ɗan shekara uku. Saboda sun karɓe shi aka sami duk waɗanda suka biyo baya, har zuwa Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, wanda ya karɓa a 2023. A 2025 aka yi wani kashi da ya faru a shagon aski a Legas, marubucinsa kuwa, Inua Ellams, a Jos aka haife shi.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. BBC da duk kuɗinta da ma'aikatanta ta ga aikin jiya ba shi da amfani, sai da ta dawo tana nemansa ƙasa-ƙasa. Mu ma a gidajenmu akwai adakar kaka mai ɗauke da wasiƙun ajami, da kaset na wa'azi ko na biki, da hotunan waɗanda suka fara zuwa ƙasar nan. Kafin a ce shara ce a kai bola, a buɗe a duba, a kuma nuna wa yara. Allah Ya kai mu wata mai zuwa lafiya.