Gandun Tafkunan Plitvice

Gandun Tafkunan Plitvice gandun daji ne na ƙasa da ke yankin Lika, a tsaunukan tsakiyar ƙasar Kuroshiya. An kafa shi a shekarar 1949, kuma shi ne mafi daɗewa da girma a gandayen ƙasar, da faɗin kusan murabba'in kilomita 297. A 1979 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Fiye da mutum miliyan ɗaya ke ziyartarsa a shekara, da yawansu daga biranen gaɓar Tekun Adiriyatik kamar Zadar da Split, inda suke zuwa da safe su koma da yamma.

Tafkuna da magangarun ruwa

Gandun na da tafkuna 16 jere kamar matakala, kowanne yana zuba ruwa cikin na ƙasa da shi. An kasa su gida biyu: tafkunan sama guda 12 da na ƙasa guda 4. Na farko, Prošćansko, yana bisa tsayin mita 636 daga matakin teku, na ƙarshe kuma mita 503. Kozjak shi ne mafi girma da zurfi, zurfinsa ya kai mita 47. Magangara mafi tsayi ita ce Veliki Slap, mai mita 78, wadda babu kamarta a duk ƙasar. Daga ƙarshen tafkunan ne kogin Korana ya faro.

Ba mutum ne ya gina shingayen da suka raba tafkunan ba. Ruwan yana ratsowa ta duwatsun farar ƙasa, ya narkar da wani ɓangare nasu. Idan ya bi ta kan gansakuka da tsirran ruwa, sai farar ƙasar ta manne musu, a hankali ta daskare ta zama dutse mai ramuka da ake kira tufa. Shingen kan ƙara tsayi da kimanin santimita ɗaya a shekara, kuma gurɓacewar ruwa na iya tsayar da wannan aiki. Dazuzzukan da ke kewaye kuwa matsuguni ne na beyar da kyarkeci da sauran namun daji.

Hanya daga gaɓar teku

Daga Zadar tafiyar kimanin kilomita 120 ce, wato awa ɗaya da rabi zuwa biyu a mota. Ana bin babbar hanyar A1, a ratsa tsaunukan Velebit ta ramin hanya na Sveti Rok, sannan a sauka kan hanyar D1 wadda ta bi ta garin Korenica. Daga Split nisan ya kusa ninki biyu, kimanin awa uku, don haka zuwa da komowa kan ci wa matafiyi awa shida a kan hanya. Akwai motocin bas daga biranen biyu, kuma sun fi yawa a lokacin zafi.

Tsaunukan Velebit sun raba yanayi biyu. Ko da ana zafi a bakin teku, gandun kan yi sanyi da safe, kuma ruwan sama ya fi yawa a can. A lokacin hunturu dusar ƙanƙara kan sa a rufe wasu hanyoyin ƙafa, musamman na tafkunan sama.

Cikin gandun

Manyan ƙofofi biyu ne. Ƙofa ta ɗaya tana kusa da tafkunan ƙasa da Veliki Slap, ta biyu kuma kusa da Kozjak da tafkunan sama. An yi wa hanyoyin zagaye alama da haruffa. Mafi gajarta takan ɗauki awa biyu zuwa uku, mafi tsawo awa shida zuwa takwas. Yawancin tafiyar da ƙafa ce, a kan siraran gadoji na katako da aka shimfiɗa bisa ruwa. Kuɗin tikiti ya haɗa da jirgin ruwa mai lantarki da ke ƙetare Kozjak, da motar da ke jigilar baƙi a gefen tafkunan.

Yaƙi da cunkoso

A ranar 31 ga Maris 1991 aka yi arangama a gandun tsakanin 'yan sandan Kuroshiya da Sabiyawa masu ɗauke da makamai, aka rasa rayuka biyu. Wannan na cikin abubuwan da suka buɗe yaƙin 'yancin kan ƙasar. UNESCO ta sanya gandun cikin wuraren da ke fuskantar haɗari daga 1992 zuwa 1997.

Barazanar yanzu ita ce yawan jama'a, musamman a Yuli da Agusta. Saboda kare shingayen tufa, an haramta iyo a tafkunan, haka ma sauka daga hanyoyin da aka keɓe. Hukumar gandun tana kayyade adadin masu shiga a kowace awa, kuma ana sayen tikiti ta intanet da lokacin shiga a rubuce. Shi ya sa mai zuwa daga gaɓar teku a waɗannan watanni kan sayi tikitinsa tun kafin ya kama hanya.