Daga Daudawa zuwa ajinmu: ina tallafin ƙasashen waje yake tsayawa?

Mu da muka tashi a Mairuwa da ƙauyukan da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, mun san Samaru tun kafin mu san mece ce jami'a. A jikin buhun iri muka fara ganinta. Masarar da ake kira SAMMAZ, waken SAMPEA, gyaɗar SAMNUT, audugar SAMCOT, duk haruffa ukun farkon nan sunan Samaru ne, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take. Sai da muka shiga jami'a muka fara karatun noma sannan muka gane cewa a bayan yawancin waɗannan iri akwai hannun baƙi: kuɗin wata gidauniya, ko masanin wata ƙasa, ko bashin Bankin Duniya.

Abin da ya dame mu kuwa shi ne, wannan ilimi da ya iso gonar iyayenmu a cikin buhu, sau da yawa bai iso ajinmu a cikin littafi ba. A wata lakca da muka yi bara, an koya mana tazarar shuka da lissafin taki na gona mai amfani iri ɗaya tal, muka haddace, muka ci jarrabawa. Da muka koma gida hutu, babu gona ko ɗaya a cikin na gidajenmu da ta yi kama da wadda ke cikin takardar. Gero ne da dawa da wake a haɗe, kamar yadda kakanni suka bari. Wani abokinmu ya gwada yi wa mahaifinsa bayanin abin da aka koya masa, tsohon ya saurare shi har ya gama, sannan ya miƙa masa fartanya.

Abin mamakin shi ne an riga an yi wannan muhawara, an gama ta, kuma a ƙasarmu aka yi ta, fiye da shekara hamsin da suka wuce.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A cikin shekarun 1960 hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta haɗa ta da Jami'ar Jihar Kansas domin a gina tsangayar aikin gona da ta likitan dabbobi. Malamai suka zo daga can suka koyar a Zariya, matasanmu kuma suka tafi can suka yi digiri na biyu da na uku, suka dawo suka karɓi ajujuwan. Yawancin farfesoshin da suka koyar da malamanmu na yau ta wannan hanya ko makamanciyarta suka biyo. Wannan alheri ne da ba wanda zai musa. Amma manhajar da aka zo da ita an ɗinka ta ne a kan manomin da ke da tarakta da fili mai faɗi, wanda ke shuka abu ɗaya daga wannan iyaka zuwa waccan. A idon irin wannan karatu, mai haɗa gero da wake a kunya ɗaya mutum ne da bai waye ba tukuna.

Wanda ya fi yin suna wajen rushe wannan tunani shi ma baƙo ne. David Norman, masanin tattalin arzikin noma, ya yi aiki a Samaru daga 1965 zuwa 1976. Shi da abokan aikinsa 'yan Najeriya ba su fara da koyar da manomi ba, sai suka fara da bin sa. A ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi na ƙasar Zazzau, ma'aikatansu suka riƙa zuwa gida-gida suna rubuta awa nawa aka yi a gona, wa ya yi aikin, me aka shuka, me aka girbe. Lissafin ya nuna cewa manomin da ke haɗa amfani a gona ɗaya ba jahilci ke damunsa ba. Yana samun riba mafi tsoka a kan kowace eka da kuma kan wahalar da ya sha a lokacin da aiki ya fi matsewa, wato watannin Yuni da Yuli na noman ciyawa, kuma idan damina ta yi gardama ba ya tashi a tutar babu, domin in gero ya ƙi, dawa za ta rufa asiri.

Sai kuma batun auduga, wanda ya fi shafar mu, domin a yankin Daudawa da ke ƙasar Faskari aka yi gwajin a farkon shekarun 1970. Masana sun daɗe suna cewa a shuka auduga da wuri, tun cikin watan Yuni, a yi mata feshi, za ta ba da ninki. Manoma suna jin shawarar, suna kuma ci gaba da shuka audugarsu a makare. Da aka zauna aka duba, sai aka ga dalili a fili: lokacin da ake so su shuka auduga shi ne daidai lokacin da gonar abinci ke neman hannu, kuma babu magidancin da zai bar hatsin gidansa ciyawa ta cinye saboda audugar da ba a tuƙa tuwo da ita. Feshin ma ruwa mai yawa yake ci, ga gonaki nesa da rijiya. Irin wannan aiki yana cikin tushen wani fanni da daga baya ya bazu a duniya, na nazarin noma kamar yadda manomi yake yin sa a gidansa gaba ɗaya, ba kamar yadda ake yi a filin gwaji ba. Ana karanta shi a jami'o'in Amurka da Turai. Mu 'ya'yan waɗanda aka yi binciken a gonakinsu, a ɗakin karatu muka ci karo da labarin, ba a aji ba.

Ba kowace haɗin gwiwa ce ta zo da sauraro irin wannan ba. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa, ɗaya daga cikin ukun farko a ƙasar nan tare da na Gusau da Gombe, kuma Faskari da Ƙanƙara suna ciki. Shi ya kawo hanyoyin karkara da rumbunan sayar da taki, shi ya taimaka masara ta zama sarauniyar gonakinmu. Amma malamai a Zariya kanta sun soki shirin da cewa manyan manoma ya fi yi wa rana. A 1990 kuma bankin ya shigo jami'o'in kai tsaye da bashin dala miliyan 120 domin littattafai da kayan aiki, bisa sharaɗin a rage ma'aikata, a rufe kwasa-kwasan da ba su da ɗalibai sosai, jami'o'i kuma su nemi kuɗin shiga da kansu. Ƙungiyar ASUU da ɗalibai suka yi tsaye a kan ba su yarda ba, ba a ma kai ga karɓar kuɗin duka ba. Idan kuka ji tsofaffin malamai suna tsaki da an ambaci Bankin Duniya, daga nan abin ya samo asali.

Daga shekarar 2000 salon ya sauya. Gidauniyar MacArthur ta zaɓi jami'o'i huɗu, Ahmadu Bello da Bayero da Ibadan da Fatakwal, ta zuba kuɗi a intanet da ɗakunan karatu da tura malamai ƙaro ilimi. Da tallafinta Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa a 2012, ƙarƙashin Farfesa Jibrin Mohammed Jibrin. A 2014 Bankin Duniya ya fito da shirin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka, wanda aka fi sani da ACE, aka zaɓi cibiyoyi goma a Najeriya, wannan ta Kano tana ciki, haka ma ta Zariya mai binciken cututtukan da duniya ta yi wa riƙon sakainar kashi. A zagayen 2019 adadin na Najeriya ya kai 17.

Yana da kyau mu fahimci yadda kuɗin ACE ya riƙa fita, domin a nan amsar tambayarmu take. Ba a ba wa cibiya kuɗi a dunƙule ta je ta kashe ba. Sai ta nuna sakamako aka riƙa biyan ta: ɗalibai nawa ta ɗauka a digiri na biyu da na uku, nawa ne daga wasu ƙasashen Afirka, nawa ne mata, maƙala nawa aka buga a mujallun da duniya ta yarda da su, kwas nawa ya samu tantancewar hukumar waje, ɗalibai nawa suka je koyon aiki a kamfanoni. Tsarin ya yi aiki. Ya tilasta a sake rubuta manhajojin karatun gaba da digiri, aka sayi na'urori, 'yan ƙasashe maƙwabta suka zo Kano karatu. A ɓangaren lafiya ma an ga abin a zo a gani: Farfesa Hadiza Galadanci ta cibiyar ACEPHAP a Bayero tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka gudanar a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu tare da Jami'ar Birmingham, wanda sakamakonsa na 2023 ya nuna an rage mummunan zubar jini bayan haihuwa da abin da yake jawowa da kashi 60 cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa rasa 'yar'uwa a wajen haihuwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, amma ku sake duba jerin abubuwan da aka riƙa biya a kansu. Ɗan aji biyu da ke tsaye a bakin taga saboda ɗakin lakca ya cika ba ya ciki. Cibiyar tana iya zama da wutar sola da na'urar sanyaya ɗaki, tsangayar da ke kallonta kuma ɗalibai hamsin suna layi a kan madubin ƙara girma guda ɗaya. Ba laifin cibiyar ba ne, abin da aka ce ta yi shi take yi. Sannan yawancin kuɗin nan bashi ne gwamnatin tarayya ta ci, mai sauƙin ruwa dai, amma bashi, kuma mu da ke aji yanzu muna cikin masu biya. Jami'o'in jiharmu kuwa, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta tarayya da ke Dutsin-Ma, ƙanana ne a shekaru, ita ta Dutsin-Ma a 2011 aka kafa ta, gasar kuma tsofaffin jami'o'i masu tarin farfesoshi suka fi cinye ta.

Akwai ƙofa guda da muke ganin ilimin nan zai iya bi ya sauko. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, CCMAS, mai fannoni 17, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 2007. Hukumar ta rubuta kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. ASUU ta ce wannan ƙwace ne ga ikon majalisar malamai ta jami'a, wadda doka ta ba hurumin tsara karatu, kuma muna ganin ƙorafin yana da tushe. Amma ko kashi 30 ɗin ma fili ne babba idan an so a yi amfani da shi. A ciki ana iya sa kwas a kan haɗa amfanin gona da lissafinsa. Ana iya sa ƙuduji da yadda yake kashe dawa, da noman rani a bakin madatsar ruwa irin ta Mairuwa, da yadda farashin masara ke tashi da faɗuwa a kasuwar Dandume. Ana iya koya wa ɗalibi yadda zai yi wa manomi bayani da Hausa, domin da yawanmu mun san sunan cuta da Turanci amma ba mu san abin da ake kiran ta a ƙauye ba. Tsoronmu shi ne a cika gurbin da tsofaffin takardu da aka sauya wa lamba kawai.

Akwai kuma abin da babu wata manhajar waje da za ta zo da shi. Aikin da aka yi a Daudawa ya yiwu ne domin ma'aikaci yana iya hawa keke ya shiga ƙauye ya kwana. Yau a sassan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara akwai gonakin da masu su suka yi shekaru ba su taka ba saboda 'yan bindiga. Wasu daga cikinmu sa'o'in yaran makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ne da aka sace a Disambar 2020. Yadda ake noma a ƙaramin fili kusa da gari, yadda iyalin da ya baro gandunsa zai ci abinci, me ke faruwa da ƙasar da aka bari ta yi shekara biyar babu huɗa, waɗannan tambayoyi ne na ilimi, kuma baƙon masani ba zai samu izinin zuwa ya yi su ba. Mu ne ke da hanyar shiga, domin can ne gida.

Su ma baƙin ba su da tabbas. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID, hukumar da ta haɗa Zariya da Kansas, wadda kuma ta sa kuɗi a aikin waken SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsa da aka fitar a 2019. Ayyukan bincike da dama a Afirka suka tsaya cak a tsakiyar hanya. Abin da ya rage daga zamanin Kansas shi ne mutanen da aka horar da abin da suka koyar, motocin da na'urorin sun daɗe da mutuwa.

A zango mai zuwa za a raba mana malaman da za su duba aikin bincikenmu na kammala digiri. Al'adar da muka tarar ita ce a ɗauko na wani da ya gama shekaru biyar baya, a sauya sunan gari da shekara. Mu shida 'yan yankin nan mun yi shawarar ba za mu yi haka ba. Mun raba gidaje talatin a tsakaninmu, na dangi da maƙwabta a Mairuwa da kewaye, za mu riƙa rubuta abin da suka shuka da ranar da suka shuka da dalilinsu, tun daga ruwan farko har girbi. Malami ɗaya ya ce zai duba mana takardar tambayoyin. Kuɗin mota kuwa har yanzu muna lissafi.