Jarrabawar Jiha da Sakamakon Ɗaliban Makarantar Tsakiya a Amurka

A kowace shekara, daga watan Maris zuwa watan Mayu, ɗaliban makarantun gwamnati a Amurka suna rubuta wata jarrabawa da jiharsu ta shirya, wadda tsarinta da ma'aunin makinta iri ɗaya ne ga kowa. Daga cikin masu rubuta ta akwai 'yan makarantar tsakiya, wato aji shida zuwa aji takwas, yara masu shekara 11 zuwa 14. Idan aka kwatanta da tsarin Nijeriya, sun yi daidai da 'yan aji shida na firamare da 'yan aji ɗaya da na biyu na ƙaramar sakandare. A yawancin jihohi yaro yana wucewa aji na gaba ko ya ci wannan jarrabawa ko bai ci ba. Waɗanda ake aunawa da ita su ne makarantar, da gundumar ilimi, da jihar kanta.

Asalin dokar

Ilimi a Amurka hurumin jihohi ne, kuma gwamnatin tarayya ta hanyar kuɗi take sa hannu a ciki. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar da ta ware tallafi ga makarantun da 'ya'yan talakawa suka yi yawa. Da tafiya ta yi tafiya, sai aka fara tambayar ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. A watan Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar No Child Left Behind, ma'ana kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Dokar ta wajabta wa kowace jiha gwada yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, sannan sau ɗaya a babbar sakandare, daga baya aka ƙara kimiyya a wasu azuzuwa. Ta kuma ce a riƙa bayyana sakamako rukuni-rukuni: 'ya'yan marasa ƙarfi, da yara masu buƙata ta musamman, da masu koyon Turanci, da kowane jinsi da launin fata, domin kada makin masu ƙoƙari ya rufe raunin waɗanda aka bari a baya.

Burin dokar shi ne kafin 2014 kowane yaro ya kai matakin ƙwarewa. Babu jihar da ta cim ma haka. A watan Disamban 2015 Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar Every Student Succeeds, wadda ta bar jarrabawar shekara-shekara yadda take, amma ta mayar wa jihohi ikon yanke abin da za a yi da makarantar da ta gaza.

Kowace jiha da mudunta

Tun da jiha ce ke tsara manhajarta, ita ce ke shirya jarrabawarta. Ta jihar Texas ana kiranta STAAR, ta Massachusetts kuma MCAS. Kaliforniya tana amfani da jarrabawar Smarter Balanced da ake yi a kwamfuta, wadda tambayoyinta ke ƙara wuya ko sauƙi gwargwadon amsar yaro. Florida ta koma gwaji sau uku a shekara tun daga zangon 2022. Akan raba sakamako zuwa mataki huɗu ko biyar, kuma adadin da jaridu ke bugawa shi ne kason yaran da suka kai matakin ƙwarewa.

Matsalar ita ce jihar da kanta ke yanke makin da za a kira ƙwarewa, don haka mudun wata jiha ya fi na wata girma. Ana gane wannan ta hanyar jarrabawar ƙasa mai suna NAEP, wadda aka fara a 1969, kuma ake yi wa wasu zaɓaɓɓun yara 'yan aji huɗu da aji takwas a kowace jiha da ma'auni guda. A 2005 jihar Tennessee ta sanar cewa kashi 87 cikin ɗari na 'yan aji takwas sun ƙware a lissafi, amma a ma'aunin NAEP kashi 21 ne kawai. A 2013 kuma, da jihar New York ta sauya zuwa jarrabawa mai tsauri bisa manhajar Common Core, kason waɗanda suka ci lissafi ya faɗo daga wajen kashi 65 zuwa kashi 31 a shekara guda, alhali yaran da malaman ba su canza ba. Saboda haka hawa ko saukar sakamakon jiha ba ya nuna komai sai an tabbatar cewa ma'aunin bana shi ne na bara.

Abin da ya sa shekarun tsakiya ke da wuya

A waɗannan azuzuwa darasi yake sauya kama. Lissafi yana barin tarawa da ɗebewa ya shiga ɓangarorin lamba, da kaso, da gwada girman abu da abu, da lambobin ƙasa da sifili, sannan aljabara. Kowane mataki a kan na baya yake zaune, don haka yaron da ya bar aji biyar bai gane ɓangarorin lamba ba, zai sha wuya a aji bakwai. A karatu ma ana sa ran yaro ya ɗauki rubutun tarihi ko na kimiyya mai tsawo, ya fitar da hujja daga ciki, ya rubuta bayani a kanta.

Sauyin makaranta shi ma yana da nasa tasirin. Yaron da ya saba da malami ɗaya a firamare sai ya tsinci kansa a babban gini, da malamai shida ko bakwai a rana, daidai lokacin da balaga ke shigowa. Masu bincike Jonah Rockoff da Benjamin Lockwood sun bi sakamakon yaran birnin New York, suka gano cewa makin waɗanda suka koma makarantar tsakiya yana sauka idan aka kwatanta da na waɗanda suka zauna a makaranta ɗaya har aji takwas. Wani nazari a Florida ya sami irin wannan sakamako. A Philadelphia kuwa, Robert Balfanz na Jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa ɗan aji shida da ya faɗi lissafi ko Turanci, ko yake yawan fashin makaranta, yana cikin babban haɗarin barin karatu kafin ya gama sakandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa hukumomi ke sa ido sosai kan sakamakon waɗannan shekaru.

Illar matsin lamba

Da zarar aka ɗaura albashi da muƙami da sunan makaranta a kan maki, sai koyarwa ta karkata ga abin da za a tambaya. Makarantu da dama sun rage lokacin tarihi da zane-zane da motsa jiki don a ƙara wa lissafi da karatu. Wasu kuma sun mai da hankali kan yaran da ke dab da makin ƙwarewa, tun da su ne za su ɗaga kason makarantar. Mafi munin misali ya faru a birnin Atlanta, inda binciken jihar Georgia na 2011 ya gano malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a maguɗi, har da goge amsoshin yara a gyara su. A 2015 kotu ta sami mutum 11 da laifi. A wannan shekarar ce kuma iyaye a jihar New York suka hana kusan kashi 20 cikin ɗari na yara rubuta jarrabawar, don nuna rashin amincewa da ita.

Annoba da abin da ya biyo baya

A 2020 annobar korona ta rufe makarantu, gwamnatin tarayya ta yafe wa dukkan jihohi jarrabawar shekarar. Da aka dawo, giɓin ya bayyana. A ma'aunin NAEP, matsakaicin makin lissafi na aji takwas ya sauka daga 282 a 2019 zuwa 274 a 2022, faɗuwar da ba a taɓa gani ba a tarihin gwajin, kuma kason masu ƙwarewa ya ragu daga 34 zuwa 26. Saukar ta fara tun kafin annobar, domin makin ya kai ƙololuwarsa ta 285 ne a 2013. Fashin makaranta ma ya ƙaru: kason yaran da ke rasa kwana ɗaya cikin goma na shekarar karatu ya kusan ninkawa tsakanin 2019 da 2022.

Majalisar dokokin ƙasar ta ware wa makarantu tallafi na kusan dala biliyan 190, wanda aka kashe wani ɓangarensa kan darasin ƙari a ƙananan rukunoni da karatun lokacin hutu. Duk da haka, a gwajin 2024 makin lissafi na aji takwas ya tsaya a 274, na karatu kuma ya ƙara sauka, har kashi ɗaya cikin uku na yaran suka kasa kai ko matakin farko. Ƙididdigar ta kuma nuna cewa yara masu ƙoƙari sun fara farfaɗowa, yayin da masu rauni ke ci gaba da komawa baya, abin da matsakaicin maki kan ɓoye. A daidai wannan lokaci wasu jihohi, irin su Wisconsin da Oklahoma, suka sauya makin ƙwarewa a 2024, kasonsu ya hau a takarda. Wannan ne ya sa masana ke karanta sakamakon jiha tare da na NAEP, su duba kowane rukuni na yara dabam, su kuma auna ci gaban da yaro ya samu daga bara zuwa bana kafin su yanke hukunci kan makaranta.