Sanyin Jos Kan Ɓoye Ciwon Mota Har Garanti Ya Ƙare

Duk lokacin da Salla ta gabato, unguwar Ali Kazaure da ke cikin tsohon garin Jos takan cika da baƙin motoci masu lambar Ikko da Badun da Fatakwal. Masu su kuwa 'yan unguwa ne waɗanda neman abinci ya kai Kurmi. Waɗansu sukan koma da motocinsu bayan an gama shagalin Salla, waɗansu kuma sukan bar su a gida don hidimar iyali, ko su danƙa wa mahaifi makulli a matsayin tsaraba. To, a kan waɗannan motoci da ake bari ne wata hasara take yawan faɗawa, watau lalacewar na'urar sanyaya mota, wadda aka fi sani da iyakwandishan. Abin takaicin shi ne, mai mota ba ya farga da ɓarnar sai bayan wa'adin da kamfani ya ɗauka na gyara kyauta ya shige.

Dalilin haka ba wani abu ba ne illa yanayin garin. Jos tana bisa tudu ne mai tsawon kimanin ƙafa 4,000, watau mita 1,200 a kan tsayin teku. A watan Disamba da Janairu mutum yakan shiga mota da rigar sanyi, da damina kuwa ruwa da hazo sukan hana rana sakewa. Saboda haka direba a Jos yana iya yin wata da watanni bai taɓa makunnin iyakwandishan ba, alhali ɗan'uwansa da ke cikin cunkoson motoci a Apapa ko Oshodi ba ya iya minti goma ba tare da ita ba.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ke sayar da tumatir a Mile 12. Allah ya buɗa masa, ya sayi sabuwar mota a Ikko cikin watan Nuwamba, ya kawo ta Ali Kazaure ya ajiye, ya koma bakin sana'arsa. Ƙanensa ne ke kai yara makaranta da ita, yana kai Hajiya asibiti da gidan biki, kuma babu wanda ya ji bukatar sanyi. Sai ran da tafiya ta kama zuwa Kudu, aka gangara Hawan Kibo, aka doshi Akwanga, zafi ya fara dukan gilashi, sannan aka danna makunni. Sai iska mai ɗumi ta fito. Kafin a isa Lakwaja kowa ya jiƙe sharkaf da gumi, an sauke gilashi, ana ta zagin kamfani. Alhali kuwa ciwon ya daɗe a jikin motar, sanyin Jos ne ya rufa masa asiri.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Ya kamata mai mota ya san cewa iskar gas da ke cikin wannan na'ura ba ta ƙonewa kamar fetur. Zagayawa take yi cikin rufaffen bututu. Akwai kwamfaresa, wadda bel ɗin inji ke juyawa, ita ce ke matse gas ɗin har ya yi zafi. Daga nan ya wuce zuwa kwandansa, wadda ke gaban lagireto, inda iska da fanka ke huce shi ya zama ruwa. Sai ya bi ta wata 'yar ƙaramar kafa ya shiga wani akwati da ke ɓoye a bayan dashbod. A nan ne yake sake komawa iska, yana zuƙe zafin cikin mota, fanka kuma ta huro sanyin zuwa ga fasinja. Ƙaramar mota ba ta ɗaukar gas mai yawa, galibi rabin kilo ne ko fiye da haka kaɗan, kuma akwai 'yar takarda manne a ƙarƙashin bonet da ke nuna irinsa da yawansa.

Tun da rufaffen bututu ne, idan aka ce gas ɗin sabuwar mota ya ƙare, to, lalle akwai inda yake yoyo. Har ila yau akwai wani mai na musamman da ke tafiya tare da gas ɗin, shi ne ke shafe cikin kwamfaresa, yana kuma jiƙa robobin da ke toshe mahaɗar bututu. Idan na'ura ta yi watanni ba a kunna ta ba, man yakan kwanta wuri ɗaya, robobin su bushe, gas ya riƙa sulalewa kaɗan kaɗan. Watau ajiyar da ake gani tattali ce, ita ce ke jawo ciwon. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe haƙoran kwandansa da matatar iska ta cikin mota. Shi ya sa masu ƙera motoci ke ba da shawarar a riƙa kunna iyakwandishan na kamar minti goma kowane mako, ko da ana muku-mukun sanyi. Direban Jos ma yana da wata riba a ciki, don kuwa da damina babu abin da ke share raɓar da ke rufe gilashin gaba da sauri kamar busasshiyar iskar wannan na'ura.

Abin Da Garanti Ya Ƙunsa

Dattawan Jos suna tuna zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, a shekarar da Volkswagen ma ya fara nasa a Ikko. A lokacin ma'aikacin gwamnati yakan karɓi rancen mota, ya fito da sabuwar 504 dal, da littafin sabis a aljihun gaba. Bayan da darajar Naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin Turai, waɗanda Yarabawa ke kira tokunbo, 'yan Arewa kuma ke ce wa 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. Ta haka aka sami mutane da yawa da suka yi shekaru suna tuƙi ba su taɓa riƙe takardar garanti ba. Ran da ɗayansu ya sayi sabuwa, sai ya riƙe ta yadda ya saba riƙe tsohuwa.

Garanti alkawari ne a rubuce cewa idan wani sashe ya lalace saboda kuskuren ƙira, kamfani zai gyara ko ya canza ba tare da karɓar ko kwabo ba. Yana da iyaka ta lokaci da ta tafiya. Kamfanoni da yawa sukan ba da shekara uku ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Agogon yana fara bugawa ne daga ranar da aka miƙa makulli, ko motar tana kan hanya ko tana lulluɓe da tamfol a ƙofar gida. Idan kwamfaresa ta ƙone da kanta, ko akwatin bayan dashbod ya tsage, ko mahaɗar bututu ta zo da aibi daga masana'anta, wannan nauyin kamfani ne. Amma bel da matatar iska da sauran abubuwan da ke cinyewa da aiki, galibi ba sa ciki. Haka nan idan tsakuwa ta tashi a hanya ta huda kwandansa, ko aka yi karo, kamfani zai ce wannan tsautsayi ne, a nemi inshora.

Sharaɗin da ya fi kayar da mutane shi ne na sabis. Wajibi ne a kai mota garejin da kamfani ya amince da shi a kan lokaci, a buga hatimi a littafi. Wanda ya sayi mota a Ikko zai kai ta Filato, ya kamata tun kafin ya biya kuɗi ya tambayi dila inda garejinsu mafi kusa da Jos yake, ko a cikin gari ne, ko sai an je Abuja ko Kaduna ko Kano, ya kuma sa a rubuta masa. Ya kuma bincika ko dilan wakilin kamfani ne na sosai, domin akwai sababbin motoci da 'yan kasuwa ke shigowa da su daga Dubai ko Amurka waɗanda garantinsu na can ne, wakilin kamfani a Nijeriya ba dole ba ne ya karɓe su.

Gaggawar Zuwa Wurin Makaniki

Daga Ali Kazaure zuwa Dilimi, inda ake hada-hadar kayan gyaran mota a Jos, tafiya ce 'yar kaɗan. Akwai ƙwararrun masu gyara a wurin, kamar yadda ake da su a Ladipo ta Ikko, kuma ga mai tsohuwar mota su ne madogara. Amma ga motar da ke cikin garanti, ran da wani makaniki na waje ya kwance bututu, ko ya ɗura gas, ko ya yanke waya ya haɗa fanka kai tsaye da batir, ran nan aka ba kamfani hujjar tsame hannunsa daga duk abin da ya shafi na'urar. Injiniyoyinsu suna gane sawun sifana a jikin noti, suna kuma da abin auna irin gas ɗin da ke ciki. Mutum ya guje wa tafiyar yini ɗaya, ya biya kuɗin gas kaɗan, bayan mako uku sanyi ya sake ɗaukewa tun da ba a toshe yoyon ba, daga ƙarshe kwamfaresa ta ci kanta don rashin mai. Ita ce kuwa mafi tsada a cikin na'urar duka, kuma idan ta farfashe takan watsa ɓarɓashin ƙarfe cikin bututu, sai an wanke ko an canza sauran sassan. Araha dai ba ta ado.

Batun gas ɗin kansa ma abin lura ne, domin iri iri ne. Tsofaffin motoci irin su 504 na farko suna amfani da R12. Bayan yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Montreal a 1987 don kare sararin samaniya, aka daina yin sa, ƙasashe masu tasowa irin su Nijeriya aka ba su wa'adi zuwa 2010. Daga wajen 1994 kusan duk sababbin motoci suka koma R134a. Tun daga 2017 kuma sababbin motocin Turai suka koma wani sabon iri, galibi R1234yf, wanda ya fi tsada ƙwarai. Kowanne da irin mansa, kuma ba a gauraya su. Akwai kuma jabu a kasuwannin duniya. A 2011 waɗansu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Barazil, ma'aikata suka rasa rayukansu, bincike ya nuna an ɗura musu gas na jabu ne mai cin alminiyam. Yawancin sassan iyakwandishan na mota kuwa da alminiyam aka yi su.

Inda Za A Kai Kuka

Idan na'ura ta nuna alama, ko sanyi ya ragu, ko ana jin ƙara idan an kunna, ko an ga danshin mai a mahaɗar bututu, abin yi shi ne a kashe ta a nufi garejin kamfani da littafin sabis da rasit. A tabbata an rubuta ƙorafin a katin aiki, da kwanan wata da adadin kilomita, a kuma karɓi kwafi. Wannan takarda ita ce shaidar cewa ciwon ya fara ne tun garanti yana da rai, ko da gyaran ya ja lokaci ana jiran kaya daga waje. Idan suka ce gas kawai za su ƙara, mai mota yana da ikon tambayar inda na farkon ya bi, ya nemi a gwada yoyo. Idan suka ƙi gyara, ya nemi dalilinsu a rubuce.

Bayan wannan akwai hukuma. A 1992 aka yi dokar kafa majalisar kare haƙƙin masu sayen kaya, sannan a farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbinta da hukumar da ake kira FCCPC, mai hedkwata a Abuja da ofis a Ikko. Dokar ta ce idan kaya ya kasa cika ingancin da ya kamata, mai saye yana iya mayar da shi cikin wata uku daga ranar da aka danƙa masa, mai sayarwa kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Ana kai ƙara a rubuce ko ta intanet, tare da kwafin takardu. Sai dai a lura: motar da aka saya a Nuwamba aka kai Jos, wata ukun nan nata gaba ɗaya cikin hunturu za su ƙare, lokacin da babu mai tunanin kunna sanyi.

Mai sayen 'yar Kwatano kuwa ya sani garantin masana'anta ya daɗe da ƙarewa, abin da ya rage masa shi ne abin da suka ƙulla da dila. Alkawarin baka a filin sayar da motoci na Berger ba ya zama hujja. Ya gwada na'urar da tsakar rana, mota tana tsaye inji yana aiki, na tsawon rabin sa'a, don akwai masu ɗura gas da safe saboda a sami sanyin da zai kai ciniki. In dila ya ce ya ba da mako biyu ko wata ɗaya, to, a rubuta a bayan rasit cewa har da iyakwandishan, ya sa hannu.

Ga 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu waɗanda suka bar mota a gida, saƙon da ya fi amfani su aika wa wanda ke riƙe da makulli gajere ne. Kowace Juma'a, a hanyar dawowa daga masallaci, ya kunna iyakwandishan minti goma, ya sa hannu a bakin iska ya ji. In ya ji ɗumi, kada ya bari kowa ya ɗora sifana a kai, ya buga waya Ikko tun a ranar. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.