Daƙiƙa 40 Ga Kowace Tambaya

Jarabawar JAMB tambayoyi 180 ce cikin awa 2: 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa 3. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rabonta. Tun 2015 aka jingine fensir da takarda, aka koma kwamfuta kacokan. Yaron da ke hangen Jami'ar Modibbo Adama ta Girei, da yarinyar da ke son FCE Yola, ta wannan ƙofa za su bi, kuma ƙofar matsattsiya ce: a sakamakon farko na 2025, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.9, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba.

Shi ya sa da zarar an fara rajista, tun daga Jambutu har Wuro Hausa a Yola, zancen yara ba ya wuce lesin da manhajar da ta fi. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Sai dai abu biyu ake kira da wannan suna, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko manhajar gwaji ce. An zuba mata tambayoyin shekarun baya, kowace da alamar babin da ta fito. Kana amsawa tana rubuta inda ka faɗi da daƙiƙun da ka ɓata. Idan ta ga a Kemistiri kullum lissafin mol ke kayar da kai, sai ta rage maka abin da ka iya, ta yawaita wanda ke ba ka wuya, ta sake dawo maka da shi bayan kwana 2, sannan bayan mako. Ba sabuwar hikima ba ce. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a kwanakin farko. Malaman allo ma sun san haka, shi ya sa ake tilawa. Abin da na'ura ta ƙara shi ne riƙe lissafin kowane ɗalibi shi kaɗai, aikin da malami mai aji cike maƙil ba zai iya ba.

Na biyu su ne masu hira, irin ChatGPT da ya fito a Nuwamba 2022, da Meta AI da ke cikin WhatsApp. Su ba rumbun amsoshi ba ne. An horar da su da ɗimbin rubutu har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo wata. Daga nan daɗin bayaninsu ya fito, daga nan kuma ƙaryarsu. Tambaye su labarin The Lekki Headmaster, littafin Kabir Alabi Garba da JAMB ta sa a 2025, suna iya ƙaga maka mutumin da babu shi a ciki, ba tare da ko inda-inda ba. Littafin dole ka karanta shi da kanka.

To suna ƙara ilimi kuwa? Ya danganta da wa ke yin tunanin. A Turkiyya an gwada ɗaliban sakandare kusan 1,000 da GPT-4 a darasin lissafi. Waɗanda aka sakar wa shi haka nan sun yi fice lokacin atisaye, amma da aka ɗauke na'urar aka yi jarabawa, sai makinsu ya gaza na waɗanda ba su taɓa ta ba da kashi 17 cikin 100. Kwafa suka yi ta yi, suna zaton koyo ne. A Benin ta jihar Edo kuwa, shirin mako 6 na koyo da irin wannan na'ura, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a 2024, ya ɗaga Turancin yara, domin malamai na tsaye a kansu, suna nuna musu yadda ake tambaya.

Saboda haka, ɗalibi, juya aikin. Kar ka ce wa mai hira ta ba ka amsa, ce mata ta yi maka tambaya. Kwafo babi daga manhajar karatu ta JAMB, ka ce: yi min tambayoyi 10 a kan wannan, ɗaya bayan ɗaya, kar ka faɗi amsa sai na gwada. Idan ka faɗi, nemi ta nuna matakin da ka kauce, sannan ka duba littafinka ka tabbatar. In Turancin ya yi maka kauri, tana iya sassauta shi. Hausarta tana ɗingishi, Fulatancinta ya fi ɗingishi, don haka kar ka jingina da fassararta a kalmomin kimiyya.

Akwai kuma abin da waya ba ta koyarwa. Shirin JAMB a Yola yana faɗowa ne a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga wuta sai ta ga dama, ga data na cin kuɗi. Manhajar gwajin da ke aiki ba intanet ta fi dacewa da karatun kullum, a bar mai hira don wuraren da suka cije. Kuma ranar jarabawa ba dangwalen waya za a yi ba. Madannai ne: A zuwa D na zaɓi, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, ya nemi kafe a Jimeta ko ya yi rajistar jarabawar gwaji ta JAMB, ya zauna awa 2 cur agogo na gudu.