Bolibiya: Ƙasar Da 'Yan Asali Suka Daina Jin Kunyar Kayan Gadonsu

A watan Janairun 2019 wasu mata biyar 'yan ƙabilar Aymara suka bar Bolibiya zuwa Ajantina da niyyar hawa Aconcagua, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a nahiyar Amurka baki ɗaya, mai kusan mita 7,000. Biyu daga cikinsu sun kai ƙololuwa. Abin da ya sa duniya ta waiwaye su shi ne suturar da suka hau da ita. Sun ɗaura faffaɗan siket ɗin nan nasu mai tattara, hawa-hawa, wanda suke kira pollera, suka goya kayansu a zane mai launuka kamar yadda iyayensu mata suke yi. Kafin nan, wasunsu girki suke yi wa baƙin da ke zuwa hawan tsaunukan ƙasarsu, wasu kuma dakon kaya.

Mun fara da waɗannan mata ne saboda siket ɗin nasu yana ɗauke da tarihin ƙasar. Shekaru kaɗan da suka wuce, macen da ta sa shi a birnin La Paz tana iya zuwa ƙofar gidan cin abinci ko otal a hana ta shiga. Ana kallonta a matsayin 'yar aikin gida kawai. Sunan da ake kiran irinsu da shi, chola, zagi ne a wancan lokaci. Yau ana ce musu cholita cikin girmamawa, kuma akwai su a majalisa, da gidajen talabijin, da kotuna.

Bari mu ɗan tsaya ku san ƙasar tukuna, don ba kowa ne cikinmu zai iya nuna ta a taswira ba. Bolibiya tana tsakiyar Kudancin Amurka, tana iyaka da Brazil da Ajantina da Paraguay da Chile da Peru. Mutanenta sun haura miliyan 11. Ta sami 'yancin kai daga Sifaniya a 1825, aka raɗa mata suna daga Simón Bolívar. Yammacinta tsaunukan Andes ne masu tsananin sanyi, gabashinta kuma dazuzzuka ne da filaye masu zafi. La Paz, inda gwamnati ke zaune, tana kan tudun da ya kai kusan mita 3,600 sama da teku, birnin El Alto da ke samanta kuwa ya wuce mita 4,000. Baƙo idan ya sauka a can, hawan matakala goma kawai sai ya tsaya yana haki. Babban birnin ƙasar a tsarin mulki shi ne Sucre, ku riƙe wannan saboda masu shirya kacici-kacici suna son tambayar. Ƙasar ba ta da gaɓar teku tun da Chile ta ƙwace mata a yaƙin da ya ɓarke a 1879, amma har gobe tana da rundunar sojan ruwa, kuma kowace ranar 23 ga Maris ɗalibai kamarku suna fitowa fareti don tunawa da tekun da aka rasa.

Raini da ake yi wa 'yan asali ya samo tushe ne daga wani dutse. A 1545 aka gano azurfa a tsaunin Cerro Rico da ke Potosí, kuma azurfar nan ta yi shekaru tana cika baitulmalin sarakunan Sifaniya. Masu haƙarta 'yan ƙabilun Quechua da Aymara ne, waɗanda ake ɗebowa daga ƙauyuka a ƙarƙashin aikin tilas da ake kira mita. Da yawa ba su koma gida ba. An kuma kawo bayi daga Afirka. Jikokinsu suna nan har yanzu, galibi a yankin Yungas mai ɗumi, suna da kiɗan gangarsu mai suna saya, har da sarkinsu, Julio Pinedo, wanda hukumomin La Paz suka amince da sarautarsa a 2007.

Turawan Sifaniya sun zo da ɗariƙar Katolika, kuma har yau ita ce mafi yawan mabiya a ƙasar, ko da yake sababbin coci-coci na Furotesta suna ta ƙaruwa. Sai dai mutanen tsaunuka ba su yar da abin da suka gada ba. Sun shigar da shi cikin sabon addinin ne, suka ci gaba da tafiya da duka biyun. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure mana kai da muka fara karatu a kan ƙasar.

Ku ɗauki mahaƙan Potosí da Oruro. Mutum zai je coci ranar Lahadi, amma da ya shiga rami ranar Litinin sai ya tsaya gaban wani mutum-mutumi mai ƙaho da suke kira El Tío, wato Kawu. A imaninsu shi ne mai iko da ƙarƙashin ƙasa. Suna ajiye masa ganyen koka da sigari da giya don kada rami ya rufta da su, don kuma ya nuna musu inda ma'adini yake. Wanda ya san cewa ƙurar ramin tana cinye huhun mahaƙa tun suna da sauran ƙuruciya zai gane tsoron da ke bayan wannan al'ada. Babban bikin Oruro, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2001, daga nan ya tsiro. Dubban masu rawa cikin shigar dodanni suna ratsa gari na tsawon kilomitoci, rawar kuma tana ƙarewa ne a cocin da aka gina da sunan Maryam mahaifiyar Annabi Isa, wadda mahaƙa suka ɗauka a matsayin mai kare su.

A wajen rami kuma akwai Pachamama, Uwar Ƙasa. Manomi ko direba ko ɗan kasuwa kan zuba ɗan abin sha a ƙasa kafin ya kai baki, wai rabonta ne. Watan Agusta nata ne kacokan, domin suna cewa lokacin ne take jin yunwa. Masu gini sukan binne busasshen ɗan tayin lama a ƙarƙashin harsashi, lama kuwa dabba ce dangin raƙumi, ƙarama, mara tozo.

Bikin da muka tabbata zai fi ba ku sha'awa shi ne Alasitas, wanda ake buɗewa a La Paz ranar 24 ga Janairu. Kasuwa ce ta ƙananan abubuwa. Duk abin da mutum yake buri, sai ya sayi ɗan mitsitsinsa: gida kamar kwalin ashana, mota, buhun shinkafa, fasfo, takardun kuɗi na wasa. Ɗalibai suna sayen ƙaramar takardar digiri. Daga nan a kai wa yatiri, malamin gargajiya na Aymara, ya turara da hayaƙi, mutane da dama kuma su zarce coci fada ya yayyafa ruwa. Mu dai da muke fama da jarrabawa a jami'a mun yi dariya da muka ga hoton ƙaramin digirin nan, amma da muka sake dubawa sai muka ga kasuwar tana nuna ainihin abin da talakan ƙasar yake nema: muhalli, abinci, aiki da ilimin 'ya'ya.

A farkon Nuwamba kuma iyalai suna shirya teburi don tunawa da mamatansu. Sun yi imani cewa rayukan suna kawo ziyara da tsakar ranar 1 ga wata, su koma washegari. Ana jera abincin da mamacin yake so, da burodi mai siffar jariri da ake kira tantawawa.

Zaman ƙauye a tsaunuka ya ginu ne a kan taimakon juna. Suna da ayni, wanda kusan aikin gayya ne: ka taya ni girbi yau, in taya ka rufin ɗaki gobe, kuma ba a mantawa da bashin. Suna da apthapi, inda kowane gida zai kawo abin da ya dafa, a shimfiɗa zannuwa a ƙasa, a juye, kowa ya sa hannu. Abin da ya fi yawa a shimfiɗar shi ne dankali, iri-iri, launi-launi. A nan sai mu gyara wani suna: abin da muke kira dankalin Turawa ba na Turawa ba ne. Manoman Andes, a yankin tafkin Titicaca da ke tsakanin Bolibiya da Peru, su suka fara noma shi dubban shekaru kafin Bature ya gan shi. Har dabarar adana shi suna da ita. Sukan baza shi a fili sanyin dare ya daskarar da shi, rana ta narkar, su tattake ruwan da ƙafa, ya bushe ya zama chuño, wanda ke shekaru bai lalace ba.

Ganyen koka kuwa matsayin goro yake da shi a wurinsu. Ana tauna shi don rage yunwa da gajiya, ana shan shayinsa saboda jirin tudu, ana miƙa shi wajen neman aure da sulhu. Matsalar ita ce daga ganyen nan ake sarrafa hodar iblis, shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta sa shi cikin abubuwan da aka hana. Bolibiya ta fice daga yarjejeniyar, ta dawo a 2013 bisa sharaɗin cewa tauna ganyen halal ne a cikin ƙasarta. Fataucin hodar dai bai daina damun ƙasar ba.

To yaya aka yi abin kunyar jiya ya zama abin alfahari? Ba a dare ɗaya ba ne. Sai bayan juyin juya halin 1952 aka ba kowa damar jefa ƙuri'a, domin kafin nan wanda bai iya karatu da rubutu ba ba ya zaɓe, ka ga an cire mafi yawan 'yan asali ke nan. A 1953 aka raba filayen manyan masu gonaki. A 1989 Remedios Loza ta zama mace ta farko mai sa pollera da ta shiga majalisar dokoki. A 2006 Evo Morales, ɗan Aymara kuma shugaban manoman koka, ya hau mulki. Tsarin mulkin 2009 ya amince da harsunan asali 36 tare da Sifaniyanci, ya cire Katolika daga matsayin addinin gwamnati, ya kuma ɗaga wiphala, tutar 'yan asali mai murabba'ai masu launin bakan gizo, ta zama alamar ƙasa. A 2010 aka kafa dokar hukunta wariyar launin fata. Wanda ya je El Alto yau zai ga dogayen gidaje masu ƙyalli da launuka irin na saƙar Aymara, da yawansu zanen magini Freddy Mamani, mallakin 'yan kasuwar da iyayensu suka zo birni da ƙunshin kaya a baya.

Kada ku ɗauka komai ya daidaita. A 2019, bayan taƙaddamar zaɓen da ta sa Morales ya sauka, an ga wasu suna ƙona wiphala, wasu 'yan sanda kuma suna yanke ta daga kakinsu. Mutanen El Alto suka fito kan titi, aka yi asarar rayuka. Shi kansa Morales ɗin, masu suka, har da wasu 'yan asalin gabashin ƙasar, sun zarge shi da son dawwama a mulki. Akwai kuma wani abin lura a ƙidayar jama'a: a 2001 kashi 62 cikin ɗari na manya suka ce su 'yan wata ƙabilar asali ce, a 2012 adadin ya sauko zuwa kusan kashi 41. Masana suna ta muhawara ko sauya tambayar ne ya jawo, ko kuwa ƙaura zuwa birane.

Batun harshe shi ya fi shafar sa'o'inku a can. A 1931 wani dattijon Aymara, Avelino Siñani, da wani malami, Elizardo Pérez, suka kafa makaranta a ƙauyen Warisata, a zamanin da masu gonaki ba sa son ɗan ƙauye ya iya karatu. Iyayen yara ne suka yi aikin ginin da hannunsu. Dokar ilimi ta 2010 tana ɗauke da sunayen mutanen nan biyu, kuma ta ce ɗalibi ya koyi Sifaniyanci, da harshen asali na yankinsa, da wani harshen waje. Amma a gidaje da yawa na La Paz da El Alto, kaka tana magana da Aymara, uwa tana ji tana amsawa da Sifaniyanci, jika kuma sai a aji yake fara koyon gaisuwa da harshen kakarsa.